Gargaɗi ga Mai Magana da Yawun Gidan Tarihi: Abin da Za Ka Yi da Wanda Ba Za Ka Yi Ba

Ɗana, an ce an ɗora maka aikin sanar da jama'a abin da ke cikin gidan tarihi. Ko kuma kai ka ɗora wa kanka, don kana da waya mai kyamara kuma akwai gafakar kakanni a gidanku. Ko wanne ne, zauna ka ji. Maganar nan ta shafe ka ko ma'aikacin hukuma ne kai, ko mai yi wa baƙi jagora a hubbaren Malam Abdullahi ɗan Fodiyo a Gwandu, ko ɗalibi a Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da mazauninta yake Kalgo. Ɗiyata, ke ma da ke nake.

Ka fara sanin nauyin abin da ka taɓa. A 1805 jama'ar Shehu Usmanu suka zauna Gwandu. A shekarar aka ci Birnin Kebbi, a shekarar kuma aka sha wuya a yaƙin Alwasa. A 1812 Shehu ya raba kula da ƙasa, yamma ga ƙanensa Abdullahi, gabas ga ɗansa Muhammadu Bello, har ya zama daga Gwandu ake duba al'amuran Nufe da Ilori da Liptako. Kafin duk wannan akwai Kanta, sarkin Kabi, da birninsa Surame. A Argungu, tsohuwar fadar da sarakunan Kabi suka zauna har 1942 ita ce aka buɗe a matsayin gidan tarihin Kanta a 1958. To amma kada ka zaci kayan tarihin ƙasar nan duk suna gidan gwamnati. Da yawansu suna cikin adakar tsofaffi, da zaurukan malamai, da gidajen masu sarauta, da maƙera, da rumfunan masunta.

Asara iri biyu na gani da idona. Ta farko shiru ke kawo ta: kaya yana kulle, ba wanda ya san labarinsa, mai shi ya rasu, magada su bar wa gara ko su miƙa wa dillali a kan kuɗin cefane. Ta biyu surutu ke kawo ta: yaro ya ɗauki hoto, ya faɗi gida, ya faɗi ɗaki, ya ƙara abin da ba a yi ba, kafin wata ya zagayo an fasa ƙofa ko an haɗa dangi faɗa. Dole ne ka yi magana, domin abin da jama'a ba su sani ba ba za su tsare shi ba. Ga yadda za ka yi ta.

ABIN DA ZA KA YI

1. Ka yi rajista kafin ka buɗe baki. Abin da ba shi da lamba, ba shi da hoto, ba shi da awo a rubuce, in ya ɓata ba ka da hujjar cewa ya taɓa zama a wurinka. A 2023 Gidan Tarihin Birtaniya da ke Landan ya sanar cewa kaya kusan 2,000 sun ɓata, ko an sace, ko sun lalace. Da yawansu ba a yi musu cikakkiyar rajista ba, kuma shugaban gidan sai da ya ajiye aiki. Su ke nan masu kuɗi da ƙwararru. Kai da kake da mai gadi ɗaya da kwaɗo ɗaya, littafin rajista shi ne babban tsaronka. Ka rubuta sunan abu, da abin da aka yi shi da shi, da tsawonsa, da tabon da ke jikinsa, da wanda ya kawo shi, da ranar.

2. Ka ajiye kwafin rajista da hotuna a gari biyu. Wuta da ruwa ba sa barin na kusa. Ranar 2 ga Satumba 2018 gobara ta cinye gidan tarihin ƙasar Burazil mai kaya kusan miliyan 20, har da muryoyin da aka naɗa na harsunan da masu jin su suka ƙare. Kai kuma ka ga ambaliyar 2020 a jihar nan ta Kebbi. Kwafi ɗaya a Gwandu, ɗaya a Birnin Kebbi ko Sakkwato.

3. Ka nemi izinin mai kaya a gaban shaida, a rubuce. Izinin baki yana mutuwa tare da wanda ya ba da shi, magada kuwa ba su san ka ba.

4. Ka tabbatar da sunan mai littafi da sunan mai kaya kafin ka faɗa wa duniya. Kuskuren da ya fita da wuri yakan daɗe bai dawo ba, kuma a Gwandu aka ga misalinsa. A 1853, zamanin Sarkin Gwandu Halilu, Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ake kira Abdulkarim, ya sauka Gwandu a hanyarsa ta zuwa Tambutu. Wani malami ya ara masa kwafin Tarihus Sudan, littafin da ya ƙunshi labarin daular Sangai har da tawayen Kanta ga Askiya. Barth ya kwashe 'yan kwanaki yana kwafar abin da ya iya, ya aika Turai, kuma ta wannan hanya Turawa suka fara karanta littafin. Sai dai ya ce na Ahmad Baba ne. Ahmad Baba ya rasu a 1627, littafin kuwa ya kawo labarai har wajen 1655, kuma Abdurrahman as-Sa'adi ne ya rubuta shi. An yi shekaru ana maimaita sunan da ba shi ba. Barth mutum ne mai ilimi da himma, gaggawa ce ta ci shi. Ka duba farkon littafi, ka duba ƙarshensa inda mai kwafa yakan sa sunansa, ka bambanta mawallafi da mai kwafa da mai mallaka. Sau da yawa mutum uku ne daban.

5. Ka raba magana kashi uku, ka faɗi kowacce da sunanta: abin da ke rubuce, abin da aka ji daga bakin tsofaffi, da abin da kai kake zato. In ka cakuɗa su, ranar da aka kama zatonka za a jefar har da gaskiyarka.

6. Ka rubuta shekara yadda ka same ta a takarda, ta hijira, sannan ka sa ta miladiyya a gefe. Shekarar hijira ɗaya takan ratsa ta miladiyya biyu, mai lissafin gaggawa kuma yakan zame da shekara guda.

7. Ka yi magana da harshen da mutane suke ciniki da shi. Allon bayani da Turanci kaɗai korar masu gida ne. Hausa da farko, da boko da ajami, domin a ƙauyukan Gwandu da Kalgo akwai dattawa da almajirai da ajami ya fi yi musu sauƙi. Sannan ka nemi mai Fulatanci, da mai Zabarmanci, da mai Dakarci, gwargwadon baƙin da kake samu. In kana ganin sauƙaƙa magana zubar da daraja ne, ka tuna Malam Abdullahi. Ya rubuta babban tafsirinsa Liya'ut Ta'awili, sannan ya koma ya rubuta Kifayatu Lu'afa'is Sudan, gajere, saboda masu ƙaramin karatu. Wanda ya fi ka sani ya sauko, kai ma sauko.

8. Ka ɗauki abu ɗaya, ka ba da labarinsa har ƙarshe. Wanda aka nuna wa takubba ashirin a tare ba ya tuna ko ɗaya. Ɗauki lifidi guda: wa ya ɗinka shi, da me aka cusa shi, yaya doki yake numfashi a cikinsa da zafin bazara, me ya sa kibiya ba ta ratsa shi da sauƙi. Gobe ka ɗauki tambari, jibi homar masunci.

9. Ka je inda mutane suke. Manomin shinkafa a fadama ba zai bar aikinsa ya zo neman ka ba. Rediyo yana kai maka murya har cikin ɗaki, har ruga. Ranar kasuwa tana tara maka ƙauyuka goma a wuri ɗaya. Makarantun allo da na Islamiyya da na boko suna da yara a zaune suna jira. Saƙon murya a WhatsApp yana isa ga wanda bai iya karatu ba. Ka tafi da hoto da labari, kayan ya zauna a gida.

10. Ka nemi mata da gangan, kada ka jira su zo. Rabin labarin kowane gida yana wurinsu, kuma su ke fara ba yaro tarihi. Nana Asma'u ta warware wannan tun ƙarni na 19: ta naɗa jagorori mata da ake kira jajoji, ta ba su malfa, suka riƙa zuwa daga ƙauyuka su karɓi karatu su koma su koyar da 'yan taru. Ka samu mata masu mutunci su yi maka jagora, ka ware musu ranar ziyara, ka sa kayan ɗaki da na kaɗi da na saƙa da ƙoren da aka yi wa zane a cikin abin da kake nunawa.

11. Ka naɗi muryar tsofaffi a wannan watan. Sanƙira, da makaɗin fada, da sarkin ruwa, da tsohuwar ungozoma, kowa da abin da ya sani wanda ba ya cikin kowane littafi, kuma ajali ba ya jiran kasafin kuɗi. Ka faɗi sunan mai magana da gari da rana a farkon naɗin. Ka bar shi ya yi maganarsa da Kabancinsa ko Sakkwatancinsa, kada ka gyara masa baki.

12. Ka kira masu sana'a su yi bayanin kayan sana'arsu. Maƙeri ya fi ka sanin takobi, baduku ya fi ka sanin kube da gafaka, masaƙi ya fi ka sanin zare. In maƙeri ya tsaya gaban yara ya nuna musu yadda aka haɗa zoben sulke ɗaya da ɗan'uwansa, ba za su manta ba. Ka ambaci sunansa, ka biya shi ladan ranarsa.

13. Ka saurari mai gyara maka, ko da ya zo da faɗa. Wataƙila kakansa ne ya riƙe abin da kake bayani. In ya tabbata ka yi kuskure, ka gyara a wurin da ka yi shi, da ƙarfin muryar da ka yi shi.

14. Ka faɗi ranakun buɗewa da lokaci da kuɗin shiga, ka kuma cika. Malamin da ya ɗauko yara daga Kalgo ko Jega ya tarar da kwaɗo a ƙofa ba zai sake ɗaukar mota ba, kuma zai faɗa wa sauran malamai.

15. Ka raba 'yan makaranta ƙungiya-ƙungiya, kowace da babba ɗaya. Yara hamsin a ɗaki ɗaya ba sa ji, kuma a nan ake karya abu. Ka tanadi kwaikwayon kaya da za su taɓa, na ainihi ya tsaya bayan gilashi ko bayan igiya.

16. Ka ja ɗaliban jami'a da na kwaleji a jiki, amma da sharaɗi. Suna da ƙarfi da sanin na'ura, kai kana buƙatar hannu. Duk wanda ya yi bincike da kayanka ya ajiye maka kwafin abin da ya rubuta. Gidan Tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato da Gidan Arewa a Kaduna sun daɗe da aikin tsofaffin takardu, ka je ka koyi yadda suke yi.

17. Ka koya wa na bayanka, ka kuma sa rajista da hotuna da kalmar sirrin shafukan gidan a hannun mutum biyu amintattu. In komai yana cikin wayarka, ranar da aka sace ta ko aka canza maka wurin aiki, gidan ya koma farko.

18. Ka kai rahoton ɓatan kaya a ranar da ka gano, ga 'yan sanda da hakimi da Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa. Kamba da iyakar Nijar da Benin ba su da nisa, kayan da ya kwana biyu a hanya ya bar ƙasar.

ABIN DA BA ZA KA YI BA

1. Kada ka faɗi inda abu mai daraja yake kwana. Cikin masu sauraronka akwai ɓarawo, kuma ya fi kowa natsuwa. Kada hotonka ya nuna ƙofa, ko taga, ko irin kwaɗon, ko inda mai gadi yake shimfiɗa tabarma. In kayan yana gidan wani ne, ka ce yana hannun wani gida a ƙasar Gwandu, ka tsaya nan. A 1987 an shiga gidan tarihin Jos, wanda ke tsaye tun 1952, aka kwashe kaya masu daraja. Zauren wani tsoho a ƙauye bai kai can tsaro ba.

2. Kada ka sa wa kayan tarihi farashi, ko da wasa. Ranar da ka ce takobin nan zai yi miliyan kaza a Turai, ka sa wa kowane matashi a gidan ido a kansa. Ka sani kuma dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta hana saye da sayar da irin wannan kaya sai ta hannun wanda hukuma ta amince da shi, ta hana fitar da shi waje ba da takardar izini ba. In dillali ya zo da sunan mai son tarihi ya fara tambayar nawa, tattaunawa ta ƙare.

3. Kada ka nuna wurin da aka tono wani abu daga ƙasa. Abin da ya faru a Kwatarkwashi a shekarun 1990 ya isa darasi: labari ya bazu cewa akwai mutum-mutumin yumɓu a ƙasa, jama'a suka fito da diga da shebur, aka haƙe wurare, kaya suka bi dillalai zuwa Turai. A shekarar 2000 ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya ta sa kayan yumɓun Nok da na yankin Sakkwato da Katsina cikin jerin kayan Afirka da ake wawushewa. Ko da an dawo da irin wannan kaya, ilimin da ke tare da shi ya tafi, domin masana daga zurfin ramin da abin da ke kewaye da shi suke gane shekarunsa. In manomi ya ci karo da tukunya ko ƙarfe a gona, a bar shi a wurin, a gaya wa mai gari, a kira hukuma. Ba a sa wannan a rediyo.

4. Kada ka bar kaya ya fita da sunan aro, ko gyara, ko za a kai birni a ɗauki hoto. Na san gidajen malamai da aka karɓi littattafansu da wannan magana, yau jikoki suke tambaya. Mai son hoto ya zo da kyamararsa ya ɗauka a gabanka. In dole ne kaya ya fita, to da takarda mai sa hannu, da ranar dawowa, da mutumin gida da zai raka shi.

5. Kada ka yi wa tsohon abu kwalliya don ya yi kyau a hoto. Gyaran jahili ya fi gara ɓarna. Salatif yana cin takarda, ya bar tabon da ba ya fita. Liƙe takarda cikin leda da injin zafi hallaka ta ne, ba a ɓare ta kuma. Goge takobi da yashi yana share rubutu da alamar maƙeri. Fenti a kan tsohon tambari, ko siminti a kan ginin ƙasa, yana rufe abin da mutane suka zo gani, simintin kuma yana riƙe danshi har bango ya ruɓe daga ciki. Ka kakkaɓe ƙura da tattausan buroshi, ka ɗaga kaya daga ƙasa, ka nisanta shi da bango da rana, sauran ka bar wa wanda ya koya.

6. Kada ka watsa ganyen littafi don neman shafi mai zayyana. Littattafanmu na da ba a ɗinke suke ba, ganye-ganye ne a cikin tadarishi, kuma sau da yawa ba lambar shafi. Abin da ke riƙe da tsarinsu shi ne kalmar da mai kwafa yake sawa a ƙasan shafi don ta nuna farkon na gaba. In ka hautsina littafi biyu a tabarma ɗaya, sai malami ya yi makonni kafin ya raba su. Hannu a wanke, a bushe. Ba shayi, ba goro, ba biro a kusa, kuma ba a lasar yatsa a juya shafi.

7. Kada ka farke laya ko guru don ka nuna abin da ke ciki. Ba ya komawa yadda yake, kuma masu shi ba za su sake ba ka amanar komai ba.

8. Kada ka ƙara gishiri. In ba ka da hujjar cewa wannan tuta ta je Alwasa, ko wannan alƙalami na Malam Abdullahi ne, kada ka faɗa. Tsohuwar tuta da aka san gidan da ta fito ta isa abin kallo. Ƙarya ɗaya da aka gano tana sa a yi shakkar duk abin da ke ɗakin.

9. Kada ka yaɗa hoton da aka ce na Shehu ne ko na Malam Abdullahi. Shehu ya rasu a 1817, Malam Abdullahi a 1829, fasahar ɗaukar hoto kuwa sai a 1839 aka bayyana ta ga duniya a Faransa. Duk fuskar da ka gani an jingina musu, ko zanen wani ne, ko hoton wani bawan Allah daban, ko kwamfuta ce ta ƙaga. In ya fito daga bakin gidan tarihi, yara za su haddace shi a matsayin gaskiya. Haka nan kada ka ɗauko hoton ganuwar wani gari ka ce ta Gwandu ce ko ta Surame.

10. Kada ka tayar da tsohuwar gaba don ka tara masu saurare. A nan na fi jin tsoronka, domin nan ne yaro yake ganin kasuwa. Gwandu da Kabi sun shafe mafi yawan ƙarni na 19 suna yaƙi. An kashe sarakuna, an ƙone garuruwa, an kama mutane ta kowane ɓangare. An samu sararin da ake kira Lafiyar Toga daga 1867, yaƙi ya sake dawowa. Ziyarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai Argungu a 1934, wadda bikin kamun kifi na yanzu ya samo asali daga gare ta, alama ce ta rufe wannan babi. Yau jikokin ɓangarorin biyu suna auratayya, suna aji ɗaya a Kalgo, suna jiha ɗaya tun 1991. Ban ce ka ɓoye yaƙin ba. Ka faɗe shi, da yadda Gwandu take ba da shi da yadda Argungu take ba da shi. Abin da na hana ka shi ne kirarin cin fuska, da kiran wasu bayi, da kiran wasu arna, da tambayar jama'a wa ya fi wa jarunta. Kai za ka kashe wayarka ka yi barci, wutar kuma ta ci gaba a majalisun gari.

11. Kada ka sa gidan tarihi cikin rikicin sarauta ko na jam'iyya. Sarki yana sauyawa, gwamna yana sauka, wanda ya hau zai tuna ɓangaren da ka tsaya, kuma kayan ne za su biya. Jerin sarakuna ka ba da shi da shekarunsa, ka yi shiru a kan abin da ke gaban alƙali.

12. Kada ka mai da hubbare wurin wasa. Maƙabarta ce, mutane addu'a suke zuwa yi. Ba kiɗa a kan hoton kabari, ba tsayuwar ado a gefensa, ba ɗaukar fuskar mai addu'a. Haka kaburburan sarakuna da ke gidan tarihin Kanta. Gardamar malamai a kan ziyara kuma ba taka ba ce, ka faɗi wanda ke kwance a wurin da abin da ya rubuta da abin da ya yi.

13. Kada ka raina kayan da bai fito daga fada ko zauren malami ba. Jihar nan masarauta huɗu ce, Gwandu da Argungu da Yawuri da Zuru, kuma mai bikin Uhola da mai bikin Rigata suna da haƙƙi a gidan tarihi kamar mai tambari. Ka kira kowace al'umma da sunan da take kiran kanta. Wanda ya ji an yi wa kakansa dariya ba zai kawo maka ko tsinke ba.

14. Kada ka karanta wa duniya sirrin gidan mutane. Cikin tsofaffin takardu akwai rabon gado, da bashi, da saki, da takardun 'yanta bayi masu ɗauke da sunaye. Jikokin waɗannan mutane suna nan da rai, wasu maƙwabtanka ne. Takarda irin wannan a adana ta, mai bincike ya gani da sharaɗi, sunaye kuma kada su fita.

15. Kada ka ɗauki hoton yaro ko matar aure ka yaɗa ba da yardar iyaye ko tata ba. Hoto ɗaya ya isa a hana makaranta guda sake zuwa.

16. Kada ka kwaikwayi manyan gidajen Turai da Amurka ido rufe. Gaskiya ne gidan Rijksmuseum na Amsterdam ya saki hotunan kayansa kyauta tun 2012, gidan Metropolitan na New York ya saki kimanin 375,000 a 2017, kuma jama'a sun amfana ƙwarai. Amma sun saki ne bayan kayan yana da lamba, yana bayan ƙofa mai ƙararrawa, kuma duniya ta san nasu ne, ɓarawo ba shi da inda zai kai shi. Ka ɗauki kyakkyawar niyyarsu, ka auna ta da ƙofarka. Abin da ka gama yi wa rajista kuma yake wuri mai tsaro, sake hotonsa da sunan gidan a jiki. Wanda bai kai haka ba ya jira.

17. Kada ka jira biki kafin ka yi magana. UNESCO ta sa bikin Argungu cikin gadon al'adun duniya a 2016, amma bikin ya yi kimanin shekara goma ba a yi shi ba kafin a dawo da shi a 2020. Gidan da bai san kowa ba sai baƙin biki, a irin waɗannan shekaru ba mai leƙa shi. Mutanen unguwa su ne masu zuwa da rani da damina, su ne kuma za su fito da bokiti in wuta ta tashi. Ka ware rana ɗaya a mako, ko a rediyo ko a makaranta, kada ta wuce ka.

18. Kada ka yi wa mai ba da kaya alkawarin da ba ka da ikon cikawa. In ka ce za a sa sunan mahaifinsa a jiki, a sa. In ba ka da wurin da ruwa ba ya zuba, ka gaya masa ya riƙe abinsa, ka ɗauki hoto da awo, ka koya masa yadda zai kare shi daga gara da danshi.

19. Kada ka karɓi kuɗin baƙo a aljihunka. Ko na shiga ne, ko na ɗaukar hoto, ko kyauta ce ga gidan, a rubuta rasit, a sa a littafi, mutum na biyu ya gani. Baƙon da ya ba ka a ɓoye yau, gobe zai nemi ka buɗe masa adaka a ɓoye, kuma ba za ka iya ce masa a'a ba.